Jam'iyyar Manoman Sabiyawa, 1919–1947: Abin da Ya Hana Masu Yawa Samun Rinjaye

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin jam'iyyar Savez zemljoradnika, wato Ƙawancen Manoma, wadda aka kafa a tsakanin Sabiyawa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tambayar da aka ɗora nazarin a kanta ita ce: me ya sa jam'iyyar manoma ta tsaya ƙarama a ƙasar da kusan kashi huɗu cikin biyar na jama'arta manoma ne? Maƙalar ta nuna cewa kukan manomi da kishin ƙabila ba su fuskanci alƙibla ɗaya ba a wurin Sabiyawa, saɓanin yadda abin ya kasance a wurin maƙwabtansu Kuroshiyawa, kuma buƙatar da ta haifi jam'iyyar gwamnati ta riga ta biya ta tun jam'iyyar ba ta zauna da gindinta ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar 1 ga Disamba, 1918 aka ayyana kafuwar Masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa, wadda daga 1929 aka riƙa kira Yugoslabiya. Ƙidayar 1921 ta sami mutane kimanin miliyan 12 a cikinta. Kusan kashi huɗu cikin biyar da noma suka dogara, kuma wajen rabin jama'a ba su iya karatu da rubutu ba. Doka ta bai wa kowane baligi namiji ƙuri'a. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ɗauka cewa jam'iyyar da ta fito da sunan manoma ta gama cin zaɓe tun ba a kaɗa ƙuri'a ba. A Bulgeriya haka ta faru, domin Aleksandar Stamboliyski ya riƙe gwamnati daga 1919 zuwa 1923 a ƙarƙashin tutar manoma. A Kuroshiya ma jam'iyyar manoma ta Stjepan Radić ta zama bakin al'ummar baki ɗaya. A tsakanin Sabiyawa kuwa, su da suka fi kowa yawa a masarautar, jam'iyyar manoma ba ta taɓa wuce matsayin ƙaramar jam'iyya ba.

An bar sunayen mutane da rubutunsu na asali. Harafin š ana furta shi kamar sh, č da ć kusa da c na Hausa, j kuwa kamar y. Haka nan duk inda aka ce Daular Usmaniyya, ta Turkiyya ake nufi.

2.0 Manomi Iri Biyu a Cikin Al'umma Ɗaya

Kuskuren da ke da sauƙin faɗawa shi ne a ɗauki “manomin Sabiya” a matsayin mutum ɗaya mai matsala ɗaya. Mutum biyu ne aƙalla, kuma tarihinsu ya raba hanya tun ƙarni na sha tara.

Na farko shi ne manomin tsohuwar Sabiya. Bayan boren 1804 da na 1815, da 'yancin cin gashin kai da aka samu daga Daular Usmaniyya a farkon shekarun 1830, an kawar da haƙƙin da masu riƙe da ƙasa na Turkawa ke da shi a kan ƙauyuka, gona ta zama ta wanda ke nome ta. Daga 1836 aka fara kafa dokar da ta hana a sayar wa manomi gidansa da wani yanki na gonarsa saboda bashi, aka kuma faɗaɗa ta a 1873. Saboda haka Sabiya ta shiga ƙarni na ashirin ba ta da ajin manyan masu ƙasa. Talaucin manominta na ƙanƙantar gona ne, da rarrabuwarta wajen gado, da masu ba da bashi da ruwa. Ba shi da ubangidan da zai nuna da yatsa ya ce ga wanda ya danne shi.

Wannan manomi kuma yana da jam'iyyarsa tun da daɗewa. Jam'iyyar Radikal, wadda aka kafa a 1881 a ƙarƙashin Nikola Pašić, ta taso ne da yaƙi da danniyar ma'aikatan gwamnati a kan ƙauyuka. Boren Timok na 1883 ya jawo wa shugabanninta hukuncin kisa da ɗauri da gudun hijira, wannan kuwa ya ɗaure ta da zukatan mutanen karkara har tsawon zuriya biyu. Kafin 1918 ta riga ta rikiɗe ta zama jam'iyyar masu mulki, ta lauyoyi da 'yan kasuwa da 'yan kwangila. Duk da haka rassanta na ƙauye suna nan daram, kuma ta hannunta ake samun aikin gwamnati da sassaucin haraji da alfarmar ɗan sanda.

Na biyu shi ne manomin Bosniya da Hazegobina, wanda ake kira kmet. Shi gonar wani yake nomawa, gado daga iyaye, bisa sharuɗɗan da dokar Usmaniyya ta watan Safar ta 1859 ta tsara. Yakan ba gwamnati ushira, sa'an nan ya ba mai ƙasa, wato aga ko beg, yawanci sulusin abin da ya rage. Ostiriya-Hangari ta karɓi yankin a 1878, ta kuma bar tsarin yadda ta same shi don gudun ɓata wa masu ƙasa rai. Ƙidayar 1910 ta nuna iyalan kmet kusan 80,000. Kimanin kashi uku cikin huɗu nasu Kiristocin Otodoks ne, wato Sabiyawa, yayin da fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ƙasar Musulmi ne. Yana da kyau a lura cewa mafi yawan Musulmin Bosniya su ma ƙananan manoma ne masu gonar kansu, ba su da kmet ko ɗaya. Amma a fagen siyasa wannan bambanci ya nutse, rikicin gona ya ɗauki kamannin rikicin addini. A gaɓar tekun Dalmatiya ma akwai wani tsari mai kama da wannan, inda manomi ke ba mai ƙasa kaso daga inabi da zaitun.

3.0 Kafuwar Jam'iyya da Zaɓen 1920

Tushen jam'iyyar a tsohuwar Sabiya ƙungiyoyin gama-kai ne. Mihailo Avramović ya kafa ƙungiyar bashi ta manoma ta farko a ƙauyen Vranovo kusa da Smederevo a 1894, bisa samfurin Raiffeisen na Jamus, shekara guda bayan nan aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa. Manufar ita ce manoma su tara 'yan kuɗinsu su ranta wa juna, su sayi garma da iri tare, su tsira daga mai ba da bashi da ruwa. Shekaru da dama ƙungiyoyin suna nesa-nesa da siyasar jam'iyya. Yaƙin 1914–1918, wanda ya cinye mazajen ƙauyuka da shanun noma, shi ya sauya tunanin Avramović da abokansa. A ƙarshen 1919 suka kafa jam'iyya, a 1920 kuma ta haɗe da ƙungiyoyin manoma na Bosniya da na Dalmatiya.

Tsarin manufofinta ya nemi a mallaka gona ga mai nome ta, a kawar da tsarin kmet ba tare da biyan diyya ba, a gina tattalin arzikin karkara a kan ƙungiyoyin gama-kai, a sauƙaƙa wa manomi haraji da bashi. A waje kuma ta shiga ƙungiyar jam'iyyun manoma ta ƙasa da ƙasa da aka buɗe wa ofishi a birnin Prague a 1921.

An yi zaɓen majalisar rubuta tsarin mulki a ranar 28 ga Nuwamba, 1920. Saboda yawan waɗanda ba su iya karatu ba, da ƙwallon roba ake kaɗa ƙuri'a: mai zaɓe ya tura hannu cikin akwatin kowace jam'iyya bi da bi, ya saki ƙwallon a cikin wanda yake so. Daga kujeru 419, Jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta sami 92, Radikal 91, 'yan kwaminis 58, jam'iyyar Radić 50. Manoma, haɗe da abokan tafiyarsu na Sulobeniya, suka zo na biyar da kujeru 39. Ga jam'iyyar da shekararta ɗaya da haihuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai mafi tsokar ƙuri'unta daga Bosniya suka fito, daga tsofaffin kmet, ba daga tsakiyar Sabiya inda aka haife ta ba. Wannan zaɓe ne ƙololuwarta. A zaɓukan 1923 da 1925 da 1927 ba ta sake samun ko sulusin wannan adadi ba.

4.0 Dalilan Ƙanƙancewa

Wani ɓangare na dalilin a fili yake. Dokar zaɓe ta 1922 ta rage yawan kujeru, ta kuma tsara rabon su ta yadda manyan jam'iyyu za su fi cin riba. Gwamnatocin Radikal ba su ji kunyar amfani da 'yan sanda da shugabannin gundumomi a lokacin zaɓe ba. Jam'iyyar ba ta da kuɗi. Amma waɗannan sun shafi sauran 'yan adawa, har da Radić wanda aka tsare a kurkuku a 1925 kuma jam'iyyarsa ta ci zaɓe yana ciki. Tilas a nemi dalilin a wani wuri.

Abu na farko, an sha gaban jam'iyyar a kan babbar buƙatarta. Tun ranar 6 ga Janairu, 1919 Yarima Aleksandar, mai riƙon sarauta, ya yi wa manoma alkawarin ƙasa, a ranar 25 ga Fabrairu kuma gwamnati ta fitar da dokar wucin gadi da ta soke tsarin kmet, ta mayar da kowane kmet mai gonar da yake nomawa. Tsoro ne ya sa haka, ba tausayi ba: a ƙarshen 1918 manoma a Bosniya da Kuroshiya sun riga sun fara ƙona gidajen masu ƙasa suna ƙin biyan kaso, ga kuma labarin juyin Rasha yana yawo a bakin sojojin da suka dawo daga can. Ke nan jam'iyyar ta zo ta tarar an yanka ta tashi. Abin da ya rage mata shi ne batun diyya, da rikicin gonakin da masu ƙasa suka ce nasu ne na kansu ba na kmet ba, da matsalar Dalmatiya wadda ba a yi mata doka ba sai a 1930.

Batun diyyar ma a majalisa aka yi cinikinsa a kan idonta. Pašić yana neman ƙuri'un da za su tabbatar da tsarin mulki mai tattara iko a Belgrade. Jam'iyyar Musulmin Yugoslabiya, wadda Mehmed Spaho ya zama jigonta, tana da kujeru 24. Aka daidaita: gwamnati za ta biya masu ƙasa diyya, za a kuma bar Bosniya cikin iyakokinta na tarihi wajen yanka larduna, su kuwa su ba da ƙuri'unsu. A ranar 28 ga Yuni, 1921 tsarin mulkin ya wuce da ƙuri'a 223, aka sami 35 masu adawa, wakilai 161 ba su halarta ba. Wakilan manoman Sabiyawa suna cikin masu adawar, abokansu na Sulobeniya kuwa suka bi gwamnati. Ƙawancen 39 ɗin nan bai ko kai shekara ba ya tsage.

Abu na biyu shi ne mafi nauyi a ganin wannan maƙala. Daga 1921 kowane zaɓe a masarautar ya koma ƙuri'ar raba gardama a kan tambaya guda: iko ya tattaru a Belgrade ko a raba shi ga al'ummomi? Ga manomin Kuroshiya amsar mai sauƙi ce. Mai karɓar haraji da ɗan sanda da hafsan da ke ɗaukar ɗansa soja duk daga gwamnatin da yake gani ta baƙi suka fito, saboda haka ƙuri'a ɗaya ga Radić ta biya masa buƙata biyu, ta aljihu da ta ƙabila. Ga Basabiye kuwa gwamnatin tasa ce, sarkin nasa ne, sojan da ya ci yaƙi nasa ne. Idan ya yi kuka da gwamnati a matsayinsa na manomi, nan take za a tuna masa cewa yana raunana ta a gaban Kuroshiyawa. Wannan magana ta fi kama jiki a Bosniya, inda Sabiyawa ke zaune cakuɗe da Musulmi da Katolika, kuma kowane ɓangare ya dunƙule a bayan jam'iyyarsa. 'Yan Radikal suka riƙa cewa duk ƙuri'ar da aka ba Manoma kujera ce aka miƙa wa Spaho. Tsohon kmet da ya riga ya sami gonarsa ba shi da ƙwaƙƙwaran dalilin ƙin saurarensu.

Jam'iyyar ta so ta zama ta dukkan manoman ƙasar ba tare da duba addini ba, amma ba ta taɓa samun shiga a tsakanin Kuroshiyawa ko Musulmi ba. Ta yaya manomi Musulmi zai shiga jam'iyyar da a ƙauyensa aka san ta da ƙiyayya da beg, alhali a bakin mutane da yawa kalmar beg da kalmar Musulmi sun zama abu ɗaya?

Akwai kuma batun shugabanci. Avramović bai daɗe ba ya janye bayan saɓani, ragama ta koma hannun Jovan Jovanović, wanda ake wa laƙabi da Pižon. Mutum ne mai mutunci da ilimi, tsohon ministan harkokin waje, shi ne jakadan Sabiya a Vienna lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1914, daga baya kuma jakada a Landan. Na kusa da shi, Milan Gavrilović, shi ma daga aikin jakadanci da jarida ya fito. Ba laifi ba ne ɗan boko ya jagoranci manoma, Radić ma a Faransa ya yi karatu. Bambancin shi ne Radić ya shafe shekaru tun daga 1904 yana bin ƙauyuka yana magana da harshensu, su kuwa waɗannan sun fi sabawa da zauren taro na Belgrade.

5.0 Bashi da Mulkin Kama-karya

A ranar 20 ga Yuni, 1928 wani ɗan majalisa na Radikal, Puniša Račić, ya buɗe wuta a zauren majalisa, ya kashe wakilan Kuroshiya biyu nan take, ya raunata Radić wanda ya rasu a watan Agusta. A ranar 6 ga Janairu, 1929 Sarki Aleksandar ya soke tsarin mulki, ya rushe majalisa, ya haramta jam'iyyu.

Abin takaici ga Jam'iyyar Manoma shi ne a daidai wannan lokaci ne matsalar da ta haɗa kan dukkan manoma, ba ruwanta da addini ko ƙabila, ta bayyana. Karyewar tattalin arzikin duniya ta faɗo da farashin alkama da masara ƙasa warwas, alhali farashin gishiri da kananzir da ashana da taba, waɗanda gwamnati ta kankane cinikinsu, bai bi shi ya sauko ba. Bashin da manomi ya ci lokacin da hatsi ke da daraja ya zama sai ya sayar da ninkin abin da ya yi lissafi kafin ya biya. A 1932 gwamnati ta dakatar da biyan basussukan manoma, a 1936 kuma gwamnatin Milan Stojadinović ta yafe wani babban kaso nasu. Matsalar da jam'iyyar ta fi kowa cancantar yin magana a kanta ta zo lokacin da aka rufe mata baki, maganin kuma, kamar na 1919, daga sama ya sauko.

A wannan zamani ne sunan Dragoljub Jovanović ya fito. Ba shi da dangantaka da Pižon duk da sunan ya zo ɗaya. Ɗan yankin Pirot ne, ya yi digirin digirgir a Faransa, yana koyarwa a Jami'ar Belgrade, ya shiga jam'iyyar a 1927 ya zama jagoran ɓangarenta mai neman sauyi. Matsayinsa shi ne jam'iyyar ta tsaya wa talakan manomi ba mai hali ba, kuma Sabiyawa su amince da tsarin tarayya su daidaita da Kuroshiyawa, domin muddin ana rigimar ƙabila ba za a saurari kukan ƙauye ba. Wannan ra'ayi ya jawo masa ɗauri da rasa kujerarsa a jami'a a farkon shekarun 1930.

Bayan kashe Sarki Aleksandar a Marseille a watan Oktoba na 1934 aka ɗan sassauta. Jam'iyyar ta shiga haɗakar 'yan adawa a ƙarƙashin Vladko Maček, magajin Radić, a zaɓukan 1935 da 1938. A bainar jama'a ake faɗin wanda aka zaɓa, kuma doka ta ba jerin da ya zo na ɗaya kaso mafi tsoka na kujeru. A 1938 haɗakar ta sami kusan kashi 45 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujeru 67 kacal, gwamnati ta kwashe 306. Pižon yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar Oktoba 1937 tsakanin 'yan adawar Sabiya da Maček, wadda ta nemi sabon tsarin mulki da yardar al'ummomin uku. Wannan, a iya cewa, shi ne aiki mafi daraja da jam'iyyar ta yi, ko da yake ba aikin noma ba ne.

6.0 Rabuwar Kai da Ƙarshen Tafiya

Pižon ya rasu a 1939, Gavrilović ya gaje shi. A watan Agustan shekarar Maček ya bar abokan adawarsa ya daidaita da Firayim Minista Dragiša Cvetković, aka ba Kuroshiya cin gashin kai. Jam'iyyar Manoma ta shiga sabuwar gwamnatin, Branko Čubrilović ya zama ministan noma. A 1940 Dragoljub Jovanović ya ɓalle ya kafa Jam'iyyar Manoma ta Jama'a. A wannan shekara kuma aka naɗa Gavrilović jakadan Yugoslabiya na farko a Tarayyar Sobiyat.

Daga nan labarin jam'iyyar ya bar gona ya koma siyasar manyan ƙasashe. Takardun Birtaniya da aka buɗe daga baya sun nuna cewa hukumar ayyukan asirinta ta lokacin yaƙi tana ba jam'iyyar kuɗi, ta hannun Miloš Tupanjanin, don ta yaƙi kusantar Jamus. Bayan juyin mulkin 27 ga Maris, 1941, Gavrilović yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar abota da Mosko, sa'o'i kaɗan kafin jiragen Jamus su fara ruwan bama-bamai a Belgrade ranar 6 ga Afrilu. Ya zama minista a gwamnatin gudun hijira a Landan. A 1946 kotun sabuwar gwamnatin kwaminis ta yanke masa ɗauri a bayan idonsa, a shari'ar da aka yi wa Draža Mihailović. Ya ƙare rayuwarsa a Amurka a 1976, yana cikin jagororin ƙungiyar jam'iyyun manoma masu gudun hijira.

Dragoljub Jovanović ya zaɓi zama a gida. Ya shigar da jam'iyyarsa cikin haɗakar da 'yan kwaminis ke jagoranta, bisa zaton za a bar manoma su zama abokan tafiya masu bakin magana, ya kuma ci zaɓen majalisa a Nuwamba 1945. Dokar ƙasa ta Agusta 1945 ta raba manyan gonaki ga marasa shi, abin da ya daɗe yana nema. Amma da ya tashi a majalisa yana sukar mulkin jam'iyya ɗaya da yadda ake tilasta wa manoma sayar wa gwamnati hatsi a farashin da ta yanka, aka kore shi daga jami'a, aka kama shi a 1947, aka ɗaure shi shekara tara. Ya yi su cur, ya fito a 1956, ya rasu a Belgrade a 1977.

Yana kurkuku aka fara tura manoma cikin gonakin haɗaka a 1949. A watan Mayu na 1950 manoman yankin Cazin a arewa maso yammacin Bosniya suka yi bore saboda tilascin hatsi. Yawancinsu Musulmi ne, tare da maƙwabtansu Sabiyawa, kuma jagororinsu tsofaffin mayaƙan 'yan kwaminis ne daga ɓangarorin biyu. An murƙushe su cikin 'yan kwanaki, aka zartar wa wasu hukuncin kisa, aka kwashe iyalai da dama daga ƙauyukansu. A 1953 gwamnati ta bari manoma su fice daga gonakin haɗaka, ta kuma ƙayyade gonar da iyali zai mallaka ga hekta 10.